Milimita Biyar a Tashar Nallabie

Ranar Asabar da hantsi aka sa gwajin, saura mako biyar cif a buɗe baje kolin shekara. Tun ƙarfe tara 'yan kulob ɗin ƙananan jiragen ƙasa na Port Pirie suka fara sauke teburansu daga bayan motoci, biyu-biyu, na gaba yana tafiya da baya, na baya yana faɗa masa inda matakala take. A wani tsohon sito na ulu suke taruwa, har yanzu in rana ta bugi kwanon sai warin tumaki ya taso.

Tsarin kulob ɗin ba shi da wuya. Kowa yana gina nasa tebur a gida: ɗan yankin ƙasa da layin dogo a kansa, da duk abin da ransa ke so a gefe, ko gada ko rumbun alkama, an rage girman komai sau tamanin da bakwai, yadda mutum a tsaye bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. Tsayin teburan ɗaya ne, inda layi ke shiga da inda yake fita ma an ƙayyade. In an haɗa su baki da baki sai su zama zobe, jirgi ya yi ta zagayawa. 'Yan kallo suna waje, masu tuƙi suna ciki, a bayan allon da aka zana wa sararin sama. Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Akwai wani taragon fasinja mai launin azurfa, mafi tsawo a duk kayan kulob, wanda suke kira Alƙali. Kafin a sa tebur a baje koli sai an tura Alƙali da ɗan yatsa daga wannan baki zuwa wancan. In ya wuce, tebur ya shiga. In ya taɓa wani abu, mai tebur ya koma da kayansa gida sai baɗi.

Glenda Pascoe ita ce ta ƙarshe da ta shiga kulob ɗin, shi ya sa aka ba ta teburin kusurwa, inda layi ke shan kwana, wanda ba mai so. Shekararta sittin da bakwai, arba'in daga ciki ta yi su ne tana ɗinka rigunan amare. Da ta rufe shago hannunta ya ƙi zama, sai ta koma gina tashar Nallabie, inda mahaifinta ya yi shekara ashirin da biyu yana shugaban tasha. An daɗe da rushe tashar, an tsince layin. Abin da ya rage mata hotuna uku ne da harsashin gini a cikin ciyawa. Ta yi tafiyar kilomita ɗari da arba'in da tef ɗin awonta ta auna harsashin. Sauran kuma daga hotunan ta ciro su: ta sa gilashin ƙara girma ta ƙirga duwatsun bango, ta ƙirga tudun kwanon rumfa ɗaya bayan ɗaya har ta san faɗinta. Wata goma sha huɗu ta yi tana aikin. Ga tashar a tsaye tana fuskantar 'yan kallo, da dandamalinta da rumfarta mai ginshiƙi shida, ga tankin ruwa, can baya kuma kusa da allon sama ga gidan shugaban tasha, inda aka haife ta.

Da aka gama ɗaure teburan sai aka taru a kan nata. Vince Caputo, tsohon masunci wanda teburinsa tashar jiragen ruwa ce, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa rufin.

"Vince, janye hancinka daga rumfata."

"Dubawa nake ko za ta yi yoyo," in ji shi. "Ke dai kin ɓata mana suna. Wa zai kalli kwale-kwalena in wannan na kusa?"

"Dā ma kyanwa ce kawai ke kallonsu."

Des Heinrich bai shiga raha ba. Shi ne mai kula da layi, kuma a wurinsa Alƙali yake kwana, a cikin akwatin sigari da aka shimfiɗa wa auduga. Ya yi aikin sigina a jirgin gaske har ya yi ritaya, mutum ne marar gaggawa. Ya ɗora taragon a kan teburi na farko, ya duba ƙafafunsa sun hau daidai, ya sa yatsa a bayansa. Alƙali ya bi ta gadar wani, ya ratsa tashar ruwan Vince, ya shiga kwanar Glenda. Kansa ya wuce ginshiƙi na farko, ya wuce na biyu. Sai aka ji ƙit, ya tsaya cak.

Des ya janye shi baya, ya sake turawa a hankali. Nan dai ya sake tsayawa. Cikin taragon ya dafe bakin dandamali, rufinsa kuma yana gogar lezar katakon da ke rataye a bakin rumfa.

"Ba zai yiwu ba," in ji Glenda. "Na auna. Tazarar da ke tsakanin layi da dandamali ita ce ta gaske, na raba ta da tamanin da bakwai."

"Awonki daidai ne," Des ya ce. Ya zaro rula daga aljihun riga ya kwantar da ita a kan kwanar, bakinta biyu a kan ƙarfen layi. "Duba nan. Layi ya lanƙwasa, rula ba ta lanƙwasa ba. Kin ga tsakiyarta ta faɗo ciki? Haka tarago yake. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon yadda cikinsa ke faɗowa. A jirgin gaske kwana tana da faɗi ƙwarai, ba a lura. Mu kwanarmu a matse take. Da me kika gwada a gida?"

"Da taragon alkama."

"Guntaye."

"Su na sani, Des. Su ne ke wucewa ta Nallabie."

Ya gyaɗa kai. Ya sa wata 'yar takarda mai kauri tsakanin taragon da dandamali, ya yi lissafi da leɓe.

"Milimita biyar. Ki sa reza ki aske biyar daga bakin dandamali, biyar daga rumfa, ki shafa fenti. Aikin yamma ɗaya ne."

Glenda ta riga ta yi lissafin a ka, don tela ba ta jiran fensir. Biyar sau tamanin da bakwai, kusan rabin mita ke nan a gaske. Ginshiƙan za su koma daf da baki, inda a da mahaifinta ke tura amalanken kaya ta gabansu. Rumfar kuma za ta zama kamar hular da ta yi wa kai kaɗan.

"Ba wanda zai sani, 'yar gari," in ji Vince. Wannan karon ba da tsokana ya faɗa ba.

"Thelma za ta sani."

Kowa a wurin ya san zancen. Yayarta Thelma, mai shekara tamanin da ɗaya, tana gidan tsofaffi da ke bayan asibiti, tare da wasu mutum shida da suka rage daga mutanen Nallabie. An riga an shirya musu motar da za ta kawo su baje kolin ranar Asabar. Wata goma sha huɗu ke nan Thelma tana ba su labarin tashar da ƙanwarta ke ginawa. Kuma wa zai dubi babbansu, ɗan shekara tamanin da tara, ya ce masa ya jira baɗi?

Des ya mai da Alƙali cikin akwatinsa. "Laraba kafin baje koli za mu sake haɗawa, da la'asar. In ya wuce, to. In bai wuce ba, Vince yana da teburin kusurwa na ko-ta-kwana, ciyawa ce kawai da saniya biyu. Ba zan iya yi miki fiye da haka ba, Glenda. In na ɗaga miki, sai na ɗaga wa kowa."

"Ban ce ka ɗaga ba. Kama mini wancan bakin."

A gida ta fitar da mota daga gareji ta bar ta a waje. Ta ɗauko nadin takardar da take yanka fasalin riga a kai, ta shimfiɗa a ƙasa, ta zana teburin da girmansa na gaske. Ta kafa ƙusa, ta ɗaura zare da fensir a bakinsa, ta fara zana kwana iri-iri. Gwiwarta ba ta son durƙuso, sai ta sa matashin kujera. Ta gwada faɗaɗa kwanar, layi ya fita daga tebur. Ta gwada matsar da tashar kaɗan daga layi, sai ramin da ke tsakanin tarago da dandamali ya zama wanda fasinja zai faɗa ciki har ƙugu. Kwana biyu tana zanawa tana gogewa.

A rana ta uku tana shan shayi a tsaye, hoton tashar mafi tsufa yana jingine da gwangwanin fenti, sai ta tsaya tana kallon layin da ke cikin hoton. A miƙe yake samɓal, ya ratsa gonakin alkama har ya ɓace. Tun ranar da aka ba ta teburin kusurwa abin yake mata ƙaiƙayi, ta danne shi. Babu kwana a Nallabie. Ita ce ta lanƙwasa dandamalin don ya bi tebur.

Ta ajiye kofin ta koma ƙasa. Maimakon kwana ɗaya mai tsawo, ta ja ƙaramar kwana a wannan baki, ƙarama a wancan, ta haɗa su da miƙaƙƙen layi a tsakiya. Ta auna miƙaƙƙen: santimita sittin da uku. Tashar da dandamalinta za su zauna a ciki. Ta kira Des a waya.

"Mene ne mafi matsin kwana da kuke yarda da shi?"

"Zare mai santimita saba'in da biyar. Ko ɗigo ba ya raguwa. Me kike ƙullawa?"

"Zan miƙar da layin a gaban tasha."

Ta ji yana jan numfashi. "Sai kin tumɓuke layin gaba ɗaya fa. Da tsakuwar da wayoyin wuta."

"Na sani."

"Kuma in kin miƙar da shi zai matsa ciki. Kin auna nawa?"

Ba ta auna ba tukuna. Ta ajiye wayar ta ɗauki tef. Santimita goma sha uku. Layi zai ja baya da goma sha uku, tasha ta bi shi, tanki ya bi tasha. Filin da ke tsakanin tasha da gida, mai igiyar shanya da bishiyar lemo, in an matse shi za a sami biyar. Saura takwas. Bayan gidan kuma allon sama ne, ba inda za a je.

Ta yanka fasalin gidan a takarda ta yi ta yawo da shi a kan zanen. A hagu layi ya tare, a dama tanki. In ma ya shiga, ba nan ne wurinsa na gaske ba. Daga dandamali, ta tsakanin tasha da tanki ake hango ƙofar gaban gidan, ta nan mahaifiyarsu ke ɗaga tawul ta sanar da mahaifinsu abinci ya sauka. Zurfin gidan santimita goma sha huɗu ne. Wurin da ya rage shida.

Ta san maganin, duk mai wannan sana'a ya san shi. Ginin da ke jingine da allon baya ba sai ya cika ba. Ana yanke shi a bar fuska da ɗan abin da ya samu, ido ya ƙarasa sauran. Rabin gidajen da ke teburin Vince haka suke, kamar yankan burodi. Amma waɗancan an gina su ne don a yanka. Nata gidan rufinsa ɗagawa yake yi. Wata huɗu ta yi a kansa. A kicin akwai murhun ƙarfe da ta sassaƙa daga guntun roba, da tebur, da kwalaben jam da ta yi da duwatsun kwalliyar rigar amarya.

Ta ɗauki gidan ta sa a kan kantar bango mafi tsayi, ta ce wannan sai daga baya. Akwai aikin da ba ya buƙatar shawara.

Ta ciccire gine-ginen da wuƙa mai siririn baki. Ta jiƙa tsakuwar layin da ruwan ɗumi ta rufe da tsumma, ta jira gam ya saki, ta bi da cokali tana kankarewa. Mako guda cur ta yi a kan wannan, yatsunta suka yi jawur. Layi biyu suka lanƙwashe wajen ɗagawa, dole ta jefar. Vince ya leƙo ranar Alhamis da kifi a nannaɗe cikin jarida, ya tarar da teburin tsirara, katako da tabon gam kawai.

"Wayyo. Yaƙi aka yi a Nallabie?"

"Riƙe mini zaren nan, ka daina surutu."

Ya riƙe. Ta ja kwanar farko a kan katakon, ta bi ta da alli.

"Milimita biyar fa aka ce miki," ya ce. "Ni da reza zan sa, in tafi kamun kifi."

"Shi ya sa hasumiyar teburinka ta karkace."

"Iska ce ta karkatar da ita. Haka take a gaske." Ya ɗaga kai ya ga gidan a kan kantar bango. "Wancan fa?"

"Yana hutawa."

Vince ya dubi zanen da ke ƙasa, ya dubi gidan, ya gane. Ya ce ta sa kifin a firji kafin kifin ya fara magana da kansa.

A mako na uku ta kwantar da sabon layi. Ta haɗa wayoyin, ta zuba tsakuwa da ƙaramin cokali, ta share da buroshi, ta ɗiga gam da ruwa. Ta yi sabon dandamali miƙaƙƙe da kwali mai kauri, ta zana masa duwatsu da bakin allura. Ba ta da Alƙali, sai ta yanka katako da tsawonsa da faɗinsa, ta ƙara milimita ɗaya kowane gefe, ta ɗora a kan ƙafafun tsohon tarago. Takan tura shi da safe kafin shayi, ta tura shi da yamma. Tashar ta koma mazauninta. Bayanta kuma ga fili fayau mai santimita shida, da layin fensir.

Ranar Lahadi, saura kwana goma gwaji, ta je ta ɗauko Thelma kamar yadda ta saba, suka ci gasasshen naman rago da dankali. Bayan sun gama ta ce mata ta zo gareji, tana buƙatar hannu.

Thelma ta shigo da sandarta, ta zauna a kujerar da aka jawo mata. Doguwar mace ce, bakinta bai tsufa ba. Ta daɗe tana kallon tashar.

"Kin miƙar da shi," ta ce. "Gara haka. Wancan karon na ga kamar an bugu aka shimfiɗa layin, na dai yi shiru."

"Ke? Shiru?"

"Ana koyo, ko da tsufa."

Glenda ta sauko da gidan ta ajiye a gabanta, ta ɗaga rufin. Ta nuna mata layin fensir da ta ja a bangon gefe, ta gaya mata dalili, santimita da santimita, ba ta rage komai ba. Thelma ta sa tabarau ta sunkuya.

"To, falo ya tsira. Ɗakin Mama da Baba ya tsira." Ta bi layin da farce. "Ke, Glen. Ta tsakiyar ɗakinmu ya bi. Gadonki yana ciki, nawa yana waje."

"Naki ne a jikin bangon baya. Ba ni na ajiye shi can ba."

"Kullum haka ake yi mini a gidan nan." Ta ɗan taɓa murhun da bakin farce. "Har da kwalaben jam. Kin san sau nawa na ƙone a jikin murhun nan? Ke kina dandamali kina ɗaga wa direbobi hannu, ni ina nan ina juya tukunya a tsakiyar zafin watan Janairu."

"In kin ce kar a yanka, sai in cire gidan gaba ɗaya in dasa bishiyoyi a wurin."

"Ki cire gidan? Clarrie Bowden zai zo fa. Shekara uku yana tsayawa a ƙofar nan da hula a hannu yana tambayar ko ina ciki. In bai ga ƙofar ba zai ce ba Nallabie ba ce." Thelma ta cire tabaran. "Amma ba ni na gina ba. Ke kika san abin da ya ci miki."

Glenda ta tsaya da hannu a kan rufin. Ta san abin da ya ci mata. Ta kuma san cewa in teburin ya shiga baje koli, akwai igiya tsakaninsa da 'yan kallo, ba mai ɗaga rufi, ba mai ganin murhu. Abin da za a gani shi ne ƙofa da tagogi biyu ta tsakanin tasha da tanki. Don kanta ta gina kicin ɗin, kuma ta riga ta gina shi.

Ta ɗauki matsefata ta fitar da kayan ɗakin baya ɗaya-ɗaya, ta jera a cikin murfin kwalba. Ta cusa soso a cikin ɗakunan don kada bango ya rufta. Ta manna tef a kan layin fensir.

"Riƙe nan da nan. Kar ki matse, kar ki saki."

"Na riƙe jarirai huɗu, yarinya."

Zarton da ta ɗauko siriri ne, haƙoransa kamar na kifi. Glenda ta ɗora shi a kan bangon gefe ta ja baya sau ɗaya don ya kama hanya. Sannan ta ci gaba, a hankali, tana hure garin kwali. Gidan bai motsa ba a hannun Thelma. Bango na farko ya rabu. Ta juya, ta yanka na biyu, sannan daɓen. Rufin ta yanka daban, don kwanonsa na jan ƙarfe ne mai laushi, sai da ta bi shi da reza sau goma sha. Da aka gama, rabin baya ya kwanta a tafin Thelma.

Glenda ba ta dube shi ba. Ta goge bakin rabin gaba da sanfefa, ta kai shi ta jingina da allon sama. Ya zauna ɗas a kan layin fensir. Ta koma wajen da 'yan kallo za su tsaya, ta rage tsawo har idonta ya yi daidai da dandamali.

"Yaya?" in ji Thelma.

"Gida ne. Amma akwai abin da babu."

Thelma ta taso da ƙyar ta leƙa ta kafaɗarta. "Bututun hayaƙin kicin. Daga tasha ana hango shi ta saman rufi. Da shi Baba ke sanin an hura wuta."

Glenda ta ɓalle bututun daga rabin baya, ta tsaga shi biyu a tsaye, ta manna rabin a jikin allon sama, daidai inda zai leƙo ta bayan rufin. Ta sake rage tsawo. Wannan karon ta miƙe ta fara neman murfin gam.

"Wannan fa?" Thelma ta ɗaga rabin bayan.

"Ki yi yadda kika ga dama da shi."

"Gadona ne a ciki." Ta buɗe jakarta ta sa shi, ta rufe.

Sauran kwanakin na ƙananan ayyuka ne. Ta dasa bishiyar lemo a sabon wuri, ta gajarta igiyar shanya, ta shafa ciyawa a kan tabon tsohon layi. Inda bangon gida ya haɗu da allo akwai siririyar inuwa da ke tona asiri, ta rufe ta da itacen inabi mai hawa bango, wanda dā ma akwai shi a gaske, ko da yake a ɗaya gefen.

Ranar Laraba da la'asar aka sake haɗa zoben a siton ulu. Teburin ciyawar Vince yana jingine da bango, shanunsa biyu suna kallon rufi. Des ya sa ma'auni a kan kwanar farko, ya sa a kan ta biyu, ya rubuta wani abu a bayan hannunsa. Ya leƙa bayan tasha ya ga gidan. Ya dubi Glenda ta saman tabarau, ya koma kan aikinsa.

Ya fito da Alƙali. Bai fara daga teburi na farko ba, ya ɗora shi daf da nata. Taragon ya shiga ƙaramar kwana, ya miƙe, ya bi gaban dandamali sumul, ginshiƙi shida suna wucewa a jikin tagoginsa. Kansa ya shiga kwana ta biyu alhali gindinsa yana gaban tasha. Nan aka ji wani siririn sauti, kamar farce a kan takarda. Bai tsaya ba, amma kowa ya ji.

Des ya ɗauke yatsa. "Ya taɓa."

Glenda ta riga ta sunkuya. A can ƙarshen dandamali, inda yake gangarowa ƙasa, matakalar taragon ta shafi kusurwa ta bar ɗan farin layi a fenti. Katakon gwajinta ba shi da matakala.

"Gangaren ne," ta ce. "Ba ya cikin hoto ko ɗaya, ni na ƙaga shi. Doka ta hana gyara a wurin gwaji?"

Des ya yi tunani. "Doka ta ce ranar Laraba. Har yanzu Laraba ce."

Ta buɗe jakar ɗinkinta ta ciro magagari. Ta goga kusurwar sau huɗu, ta hure, ta ƙara biyu. Vince ya riƙe mata tocila ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa da ta ba shi rezar tun farko da yanzu an manta. Ta ja baya.

Des ya mai da taragon farkon teburin ya tura. Siton ya yi tsit, sai ƙarar ƙananan ƙafafu a kan gaɓoɓin layi. Alƙali ya wuce tasha, ya sha kwana ta biyu, ya hau teburin gaba. Des ya ɗaga shi ya juya kansa, ya turo shi daga wancan gefen. Ya sake wucewa.

Ya ciro alli daga aljihu ya je wajen allon da ke jikin ƙofa, inda aka jera teburan baje koli. A layi na tara, inda ba a rubuta komai ba, ya rubuta Nallabie.

"Vince," ya ce, "mai da shanunka mota."

Glenda tana durƙushe a ƙarshen dandamali da ɗan buroshi, tana shafa fenti a inda magagari ya ci.